Akwatin da Aka Ja Ƙarƙashin Na-Sama

Dutse na farko ya faɗo ne ana cikin kiran sallar magariba, lokacin da hasken tsakar gida ya koma ruwan toka, kowa ya rage murya ba tare da an ce ya rage ba. Maigidan, wanda abokan aikinsa ke kira Na-Sama saboda ko hoto za a ɗauka sai ya nemi tudu ya hau, yana zaune da butar alwala a gabansa. Dutsen ya bugi kwanon rufi, ya gangaro a hankali, ya diro gaban butar ya tsaya cak. Bai yi tsalle ba, bai mirgina ba.

"'Ya'yan maƙwabta ne," in ji Na-Sama. "Tun ranar da na yi wa ƙofar gidan nan fenti ubansu bai sake gaishe ni da fara'a ba."

Matarsa ta leƙo daga kicin, ludayi a hannu. "Baban Auta, maƙwabtan nan ai sun yi tafiya tun shekaranjiya."

"To sun bar wakili."

Dutse na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi. Suka ci gaba da sauka ɗaya bayan ɗaya, babu gaggawa, har aka idar da salla a masallaci. Da matar ta yi ƙarfin hali ta taɓa guda, sai ta janye hannu. Ɗumi gare shi, irin na abin da aka daɗe da riƙewa a tafin hannu.

Da gari ya waye suka tarar an jera duwatsun a tsakar gida. Ɗaya a can sama, biyu a ƙasansa, wasu a ƙasan waɗannan, an ja layi a ƙasa da yatsa daga kowane dutse zuwa na samansa. Can gefe guda akwai wani baƙin dutse shi kaɗai, babu layin da ya taɓa shi. Matar ta ce wasan yara ne na banza. Na-Sama kuwa ya gane zanen. Shi ya yi irinsa a makon da ya wuce.

A nan ya kamata a yi wa bawan Allahn nan adalci, tunda masu ba da labarin a bakin titi ba sa yi masa. Na-Sama shi ne shugaban sashen ma'aikata a wani kamfani da ke cikin tsohon bene. Kamfanin ya sayo manhajar da za ta riƙe tsarin muƙamai, aka ɗora masa shigar da kowa. Ga yadda take aiki: kowane ma'aikaci yana da akwatinsa a fuskar kwamfuta, kowane akwati dole a ja masa layi zuwa na shugabansa, kuma akwati ɗaya tak ne ke zama a ƙololuwa, na mai kamfani. Idan ka bar wani ba uban gida, sai ta fito maka da jan rubutu ta ƙi adanawa. Takardar neman hutu, sa hannun zuwa aiki, rahoton ƙwazo, duk ta wannan layin suke hawa da sauka.

Matsalar kuwa, manaja ya riga ya faɗa a taro cewa duk wanda manhaja ta nuna ba kowa a ƙarƙashinsa, ba shugaba ba ne, jami'i ne kawai. Da Na-Sama ya gama jera kowa, ya duba ƙasan akwatinsa, sai ya ga wayam. Magatakardansa ɗaya tilo an mayar da shi wurin akanta. Akanta kuwa, mutumin da ko atishawa Na-Sama ya yi sai ya rubuta lokacin, yana zaune da akwatuna reras a ƙasansa kamar kaza da 'yan tsaki. Wane mai mutunci ne zai yarda da wannan?

To a bangon da ke ƙarƙashin matakalar benen akwai tsohon allon muƙamai na katako, wanda aka zana da fenti tun zamanin mahaifin mai kamfani. A gefensa akwai akwati ɗaya, babu suna, babu layi. Tsohon da Na-Sama ya gada ya taɓa ce masa ranar da zai ajiye aiki, "Wancan, ka bar shi yadda ka same shi." Bai ƙara ba. Na-Sama ya tuna da akwatin a daidai lokacin da yake bukatarsa. Ya taho da kwamfutar ofis gida, da yake yatsunsa ba su saba da jan akwati ba, ya kira 'yarsa Auta, budurwa mai shiru-shiru da ke karatun jinya. Ya sa ta buɗe sabon akwati a gefe kamar na allon, sannan ta jawo shi ƙarƙashin nasa. Ya raɗa masa suna Mataimaki na Musamman. Da manhaja ta nemi rahoton ƙwazon mataimakin, ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ta rubuta: ba ya zuwa aiki a kan lokaci.

Dabara ce mai kyau, kowa ya faɗi gaskiya. Ba a cuci kowa ba, ba a ƙara albashin kowa ba.

Magariba ta biyu, duwatsu suka dawo. Ta uku ma haka. Daga nan abin ya shigo cikin ɗakuna. Duk wani abu na Na-Sama sai a same shi a ƙarƙashin wani abu. Hularsa ta zuwa ofis a ƙarƙashin tukunya. Takalminsa a ƙarƙashin silifas ɗin bayi. Matashinsa a ƙarƙashin gado, hotonsa na bango an sauko da shi ƙasa da kalanda. Ba a fasa komai ba, ba a ɗauke komai ba, sauke shi kawai ake yi.

Zarginsa ya fara yawo. Ya zargi akanta, ya ce ya biya wani ya tsorata shi. Ya zargi ƙanin matarsa da ya hana aiki a kamfanin. Ya zargi mai kawo ruwa, don ya lura yana yawan kallon rufi. Har matarsa ya fara bi da ido idan ta shiga ɗaki, ya laɓe a bayan labule yana leƙenta tana ninke kaya.

"Ni kake leƙe?" ta ce ba tare da ta juyo ba. "Ni da na san inda kake ɓoye rinin gemu?"

Ya fito daga bayan labulen yana gyaran murya, ya ce ƙura yake dubawa.

Auta kuwa ta daina magana. Ta daina cin abinci sai an matsa. Da rana ta faɗi sai ta je ƙarƙashin matakalar da ke hawa soro ta zauna, gwiwoyi a ƙirji, ido a buɗe ba ƙiftawa. Uwar ta kira ta, ta yi mata addu'a, ta shafa mata ruwa a fuska. Shiru. Sai wata magariba, gidan ya yi tsit har ana jin ɗigar famfo, uban ya zo wucewa ta gabanta, ta ɗago kai. Muryar da ta fito daga bakinta ta wani tsoho ce, mai kauri, kamar daga cikin rijiya.

"Ranka ya daɗe, yau na zo a kan lokaci?"

Butar ta suɓuce daga hannunsa. Uwar ta ɗora hannu a ka tana salati. Na-Sama ya buɗe baki zai ce akanta ne, amma ko shi ya ji maganar ba za ta fito ba.

Washegari, kafin rana ta faɗi, matar ta je da kanta ta ɗauko wani malami, dattijo siriri mai farin gemu wanda ba ya ɗaga murya. Ya zauna a tabarma nesa kaɗan da yarinyar, ya nemi ruwa a ƙwarya, ya fara karatu. Haske yana ja baya daga bango a hankali. Karatun ya yi nisa, jikin Auta ya soma rawa, yatsunta suna kartar siminti, sannan ta miƙe zaune sambal kamar wanda aka kira taro.

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Mataimaki na Musamman. Haka aka raɗa mini."

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Hannunta ne ya ja ni. Ina zaune a wurina tun kafin a kafa tubalin farko. Mahaifin mai kamfani ya yi mini sallama kafin ya gina, ya bar mini gurbina a allo, ba ni sama da kowa, ba kowa sama da ni. Ban taɓa ɗaukar ko allura ba. Rana ɗaya na ji an ɗaura mini igiya a wuya an ja ni ƙarƙashin wancan." Yatsan Auta ya nuna uban ba tare da idonta ya kalle shi ba. "Na haƙura. Sai ya rubuta wai ba na zuwa aiki a kan lokaci. Ni, da ban taɓa fita daga ginin ba! Shi da sai rana ta take yake shigowa yana goge baki!"

Malam ya juyo. "Haka aka yi?"

"Allah gafarta malam, cunkoson hanya ne," in ji Na-Sama da ƙaramar murya.

"Ɗauko na'urar."

Aka buɗe kwamfuta a kan tabarma, haskenta ya zama shi kaɗai ne haske a tsakar gidan. Malam ya ce a mayar da akwatin gefe yadda yake a da. Na-Sama ya lallaɓa ya cire layin. Jan rubutu ya fito, manhaja ta ƙi, layin ya koma wurinsa.

"To a share shi," in ji matar.

Auta ta yi wani gurnani da ya sa kwanon rufi ya amsa. "A share ni, in rasa gurbi a can, sai in zauna a nan. Jikin nan yana da faɗi."

"Ka ji tsoron Allah," in ji malam. "Me kake so?"

"Ƙololuwa."

"Ƙololuwa tana da mai ita, kuma ubansa ya girmama ka. Za ka hau kan ɗan wanda ya yi maka sallama?"

Sauro ya yi kuka a kunnen kowa.

"Na yarda da ɗan mai sallama," muryar ta ce. "Bai taɓa aike na ba. A sa ni ƙarƙashinsa. Amma wancan ya dawo ƙarƙashina."

Ko a wannan halin, kan Na-Sama bai daina aiki ba, kuma wannan baiwa ce ko da maƙiya sun ƙi. Ya ce ya amince. Ya sunkuya a kan kwamfutar, ya ja layi daga akwatinsa zuwa na aljanin, amma ya bar tsohon layin da ya sa aljanin a ƙasansa, don kowa ya zama shugaban kowa, a tashi canjaras. Ya danna. Jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar: mutum ba ya zama shugaban shugabansa. A daidai nan Auta ta sandare, numfashinta ya tsaya, leɓɓanta suka fara yin duhu.

"Baban Auta!" Matar ta damƙi rigarsa. "Wallahi in yarinyar nan ta mutu a kan akwati, ni zan sa ka a naka!"

Ya kalli 'yarsa. Ya kalli akwatinsa, da kalmar shugaba a rubuce a ciki, wadda ya yi shekaru yana gogewa kamar takalmin zuwa biki. Ya goge tsohon layin. Ya ja baƙon akwatin zuwa ƙarƙashin mai kamfani, ya ja nasa zuwa ƙarƙashin baƙon, ya share rahoton ƙwazon harafi bayan harafi. Ya danna. Babu jan rubutu. Ƙasan akwatinsa ya koma wayam.

Malam ya ɗauki alkawari daga aljanin cewa ba zai sake kusantar gidan ba, ya ce ya fita ta inda ya shigo. Hannun daman Auta, wanda ya ja akwatin, ya ɗaga sama shi kaɗai, yatsun suka miƙe, suka saki. Ta yi atishawa mai ƙarfi ta faɗa jikin uwarta.

"Mama, ƙishirwa nake ji," ta ce da muryarta.

Dutse bai sake faɗowa gidan ba. A ofis manaja ya duba tsarin, ya ɗauka mai kamfani ne ya buɗe gurbin wani babba da za a kawo, mai kamfani kuma ya ɗauka manaja ne, kowa ya ji nauyin tambaya. Aka kankare kalmar shugaba daga ƙofar Na-Sama. Akanta ya zo har ofis yi masa jaje, haƙoransa duk a waje.

Bayan an kwana biyu Na-Sama ya ga ya cancanci hutu, kuma wa ya kai shi cancanta? Ya cike neman hutu a manhaja, ta ce ta aika wa shugabansa. Ya yi murmushi, don ya san akwatin da ba kowa a ciki ba ya amsa saƙo, zai je wurin manaja da baki a sa masa hannu. Yana zaune a tsakar gida da buta a gabansa, ladan ya ɗaga murya, sai wayarsa ta yi ƙara. An ƙi amincewa. A wurin dalili an rubuta: ba ya zuwa aiki a kan lokaci.

Har yau Na-Sama yana rantsuwa akanta ne ya saci lambar sirri. Yana faɗa a shago, yana faɗa a wurin aski. Amma maigadin kamfanin ya ce yanzu kullum kafin ya buɗe ƙofa yana tarar da shi a tsaye, hula a daidaice, kuma idan ya zo gindin matakala sai ya rage tafiya, ya waiga ko akwai mai kallo, ya yi sallama ƙasa-ƙasa.