Gyaran Alhaji Talle

Alluna uku masu fenti na adon dandalin wasan kwaikwayo suka suɓuce daga bayan babur ɗin okada, suka rufta kan kwandon goron Alhaji Talle a kasuwar Agege. Goro ya watse har cikin kwata. Saurayin da ya ɗauko su ya diro yana ba da haƙuri, Alhaji kuwa sai faɗa yake.

Mufida, autar Alhajin, ta durƙusa tana tsince goron. Ta ɗago, suka haɗa ido.

"Ai na san ka," ta ce a hankali. "Khamisu, shugaban 'yan wasan kwaikwayon jami'armu. Ku ne masu tikitin da ɗalibi ba ya iya saya."

"Wallahi hayar zauren ce ke kashe mu."

"To ku koyi kasuwa mana. Manya su sayi kujera da tsada, ku yi musu gyara: ɗalibai biyu su shiga a kan kowane tikiti."

Daga ranar Khamisu ya rasa sukuni. Lokacin wayar hannu ta fara shigowa gari, saƙo kuwa bai yanke tsakaninsu ba.

"Tauraruwata, shawararki ta ci, zaure zai cika. Saura kujera ɗaya a zuciyata, ke take jira."

Ta mayar masa: "Oga darakta, ka fara neman kujera a wajen Baba."

Da manyansa suka je neman aurenta, Alhaji ya kaɗa kai. "Ɗan wasa? Wanda ya zubar min da goro? Ba ni da 'yar ba shi."

Mufida ta yini tana kuka. Da Alhaji ya ji kuma za ta fito a wasan ranar Asabar da la'asar, sai ya hau motar haya ta danfo da kansa don ya janyo ta gida.

A ƙofar zauren ya tarar da ƙawarta Batulu.

"Sannu da zuwa, Baba. Sai da tikiti fa."

"Rage min."

"Ba ragi, Baba."

Shekara talatin yana kasuwa, bai taɓa sayen abu ya tafi haka nan ba. Ya miƙa kuɗin, bakinsa ya riga shi: "To ina gyarana?"

Batulu ta yafito samari biyu daga layi. "Ga shi, Baba."

Suka zube suna godiya, suka sa shi a tsakiya har layin gaba. Ɗayan ya ce masa cikin Yarabanci, "Baba, shekarata uku a makarantar nan, yau na fara shiga zauren nan."

Ta yaya mutum zai tashi ya yi rigima a gaban yaran da ke sa masa albarka? Alhaji ya zauna yana cika yana batsewa. Aka ɗaga labule. Mufida ta fito cikin mayafinta a matsayin mai gidan haya da ke korar ɗalibi da tsintsiya. Ya daure, ya daure, can dariya ta ƙwace masa har hularsa ta faɗi.

Da aka tashi, Khamisu ya durƙusa gabansa, Mufida na bayansa.

Alhaji ya ce, "Dabarar wa ce wannan gyaran tikitin?"

"Ta Mufida ce, Baba."

"Na sani, jinina ce. Kai dai ka iya jin shawarar mace, wannan ma arziki ne. Ka sake turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a Agege, ɗalibai suka cika layin maƙil. Alhaji ya dafa kan ango da amarya. "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya."

Ana cikin shafa fatiha wata farar mota ta tsaya. Wani mai baƙin tabarau ya fito rungume da kyamara.

"Salamu alaikum. Daga Kano nake. Ina amaryar? Na ga wasanta, fim nake so ta fito min."

Alhaji ya gyara zaman hularsa, ya miƙe tsaye. "Sai mun yi ciniki tukuna, kuma da gyarana."