Ƙwan Fitilar Ɗakin Baya

Da yammar wata Talata Anselmo mai gonar kofi ya hau kujera yana kwance ƙwayayen fitilar gidansa. Kuɗin wuta ya ninka, ƙungiyarmu ta lantarki kuma ta ce duk wanda ya miƙa tsofaffin za a ba shi sababbi marasa cin wuta, a yi masa rangwame. Sharaɗin shi ne kada a bar ko guda. Ya kwance har na ɗakin ajiya na baya, wanda marigayiya uwarsa ta bari a kunne shekara talatin, ta hana a kashe, ba ta faɗi dalili ba. Ya miƙa su a ofishin ƙungiyar, ya ɗaura sababbin.

Hazo ya sauko daga tsauni. Shi da iyalinsa suna cin wake da shinkafa sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Sai wani. Anselmo ya fita da adda, bai ga kowa ba. Da ya dawo ya tarar da 'yarsa Yorleni tsugune a ɗakin baya, ta miƙa hannuwa ga sabon ƙwan, haƙoranta na kaɗawa.

Kwana uku ba ta ci ba. Jikinta ya yi sanyi kamar dutsen rafi. A asibiti ba su ga komai ba. Sai aka kira Doña Chayo, tsohuwa mai magani.

Ta zo da faɗuwar rana, ta kunna turare, ta zauna gaban yarinyar.

"Wane ne kai?"

Muryar tsoho ce ta fito daga bakin Yorleni. "Tambayi marowacin nan. Hasken sabon ƙwansa kamar idon mataccen kifi, ba ɗumi. Uwarsa ta fi shi hankali."

"Zan mayar da tsohon ƙwan," in ji Anselmo.

"An farfasa shi a ofis, sakarai. A nan zan zauna. Jikin yarinya da ɗumi, ko da yake saura kaɗan."

Uwar Yorleni ta toshe baki da hannu. Doña Chayo ta miƙe. Sannan ta buɗe taga, ta nuna taransifomar da ke kan falwaya a bakin hanya.

"Ga ɗaki can, Kaka. Dare da rana da ɗuminsa, ba mai kwance shi."

"Wa zai biya?" in ji muryar tsohon.

"Kowa da kowa."

Abin ya yi dariya. Fitilun kwarin nan duka suka dushe, suka dawo. Yorleni ta kife, ta farka tana gumi, ta ce, "Inna, yunwa."

Shekara shida ke nan. Duk taron shekara na ƙungiyar, injiniya yakan yi kukan wutar da ke ɓacewa a bakin hanyar nan, an canza taransifomar sau biyu, a banza. In aka zo raba asarar a kan mambobi, Anselmo ne farkon ɗaga hannu. Ni ma ina ɗagawa. Ina da jika mace.