Tukunyar da Shagwaɓa Ba Ta Kife Ba

Gishiri ne ya ƙare mana, shi ya fitar da ni dab da magariba. Da na sami ɗan aike da ban fita ba, amma na ƙwala wa jikata kira har maƙogwarona ya bushe, shiru. Na ja mayafi, na zura silifas, na nufi shagon bakin titi ina mita.

Mai shago yana ƙulla mini gishirin ya ce, "Hajiya, baƙi kuka yi ba ku gaya mana ba?"

"Baƙin me?"

"Ai kullum sai Shagwaɓa ta zo ta auni shinkafa. Na ce ko wani shagali ake shiryawa a ɓoye, kada a manta da mu."

Na ce masa ya ji da awonsa. Amma maganar ta tsaya mini a ƙirji, don ni ma na ga buhun gidana yana ramewa, na kuma ga yarinyar tana ramewa tare da shi.

Shagwaɓa 'yar ɗana ce. Ni na raine ta tun rasuwar uwarta, ni kuma na laƙaba mata sunan, don yarinya ce da ko kofin da ta sha ruwa ba ta ɗaurayewa. Da ta gama karatu ta zo ta zauna gabana, wai za ta wata ƙasa aikin sa kai. Na ce aikin me? Ta ce aikin taimako, wanda ba a biya. Na ce to ga wanke-wanke can, shi ma ba a biya, kuma ba sai an hau jirgi ba. Ubanta ya ƙyalƙyale da dariya, ya ɗaure mata gindi, ta tafi. Daga wannan ƙasa ta faɗa waccan. Ta koyar da yara a wani wuri, ta yi jinyar tsofaffi a wani, daga ƙarshe ta dire a sansanin mutanen da ambaliya ta cinye garinsu, aka sa ta rabon abinci.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: wata yarinyar ce ta dawo mana. Tafin hannunta ya yi kanta. Takan riga ni tashi, ta share gida, ta matsa mini ƙafa ba tare da na roƙa ba. Ubanta sai washe baki yake, wai duniya ta gyara masa 'ya. Ni kuwa ban yarda da gyaran da ya zo dare ɗaya ba. Na sa ido. Na lura ba ta cin abinci. Ta zuba, ta jujjuya cokali, ta ce ta ƙoshi. Kuma da zarar rana ta yi ja sai ta ɓace, babbar tukunyata ma ta ɓace.

Na zargi saurayi. Na zargi ƙwaya. Har matar maƙwabci na zarga, na daina amsa gaisuwarta da sakin fuska, baiwar Allah ba ta san komai ba.

To ranar nan, da ƙullin gishirina a hannu, maimakon in bi titi sai na yanke ta lungun bayan gidanmu. Lungu ne siriri tsakanin katangarmu da bangon wani tsohon sito da aka daɗe da rufewa. Ba mai binsa sai kyanwa.

Wari ne ya fara tare ni. Warin laka, irin ta gindin kogi, haɗe da na bargon da ya jiƙe aka ninke shi bai bushe ba. An daɗe ba a yi ruwa ba. Kuma mu ba kogi kusa da mu.

Sai na ji sauti.

Ƙwas.

Ludayi ne yake taɓa bakin kwano. Na san sautin nan ko cikin barci.

Ƙwas.

Na leƙa. Tana tsaye a ƙarshen lungun, tukunyata a kan kujera 'yar tsugunno, tana tururi. Ta ɗebo shinkafa, ta miƙa hannu gabanta, ta juye ludayin. Babu kowa a gabanta. Babu kwano. Amma ko ƙwaya ɗaya ba ta kai ƙasa ba.

"Na gaba," in ji ta, can ƙasa-ƙasa.

Na dubi ƙasa. Tun daga gabanta har bayan inda nake, sawun ƙafafu ne jiƙaƙƙu a jere, manya da ƙanana, ba takalmi. Ina kallo suka bushe, wasu sababbi suka fito gaba kaɗan.

Layi ne. Yana matsawa.

Ni kuma a tsakiyarsa nake tsaye.

Wani abu mai sanyi ya ture mini kafaɗa, irin turin da ake yi wa wanda ya shigo layi ta gefe.

Na yi a'uziyya. Ƙafafuna suka ce mu gudu, na ce musu ba inda za mu, jikata na can. Na manne da bango, na ratsa har na isa gefenta. Leɓenta ya bushe ya tsattsage.

"Ke," na ce da raɗa. "Su waye waɗannan?"

Ba ta juyo ba. "Kaka, ki shiga gida."

"In shiga gidan wa? Tukunyata ce, shinkafata ce. Na ce su waye?"

Tana magana, hannunta bai daina aiki ba.

"A sansanin akwai wata tsohuwa, ita ce babbar masu girki. Ba ma jin yaren juna. Kullum in an gama rabo, kafin rana ta faɗi, sai ta kife tukunya a gaban layi, ta buga gindinta da ludayi, kowa ya watse. Na gaba." Ƙwas. "Ni abin haushi yake ba ni, Kaka. Mutum yana jin yunwa, ki nuna masa gindin tukunya? Ranar da zan taho tana kwance ba lafiya, ni ke rabo. Abinci ya ƙare, ga wasu can ƙarshen layi, ta bakin ruwa. Duhu ya fara, ban ga fuskokinsu ba. Na kasa kifewa. Na ce su jira, zan ƙaro. Motar da za ta ɗauke ni na ta hon. Sai na shiga."

Ban yi boko ba, amma nan take na gane abin da mai digiri ta kasa ganewa. Ba don 'yan Adam kaɗai tsohuwar nan take kife tukunya ba. Inda duk ake rabo a bakin ruwa da magariba, mutanen ɓoye ma sukan shiga layi.

"Sun jira," ta ce. "Da ban koma ba sai suka biyo ni. Kullum ƙaruwa suke. In ta ƙare sai in ƙara musu da nawa."

"In naki ya ƙare fa?"

Ta sake tsoma ludayi.

Ludayin ya karci gindin tukunya. Ƙarrr. Babu saura.

Ba ta tsaya ba.

Ta tsoma ludayi cikin tukunyar da ba komai, ta ɗago, ta juye.

Ƙwas.

A kan idona ramin wuyanta ya ƙara zurmawa.

Yanzu ita suke ci.

Na yar da gishiri, na fizge ludayin, na kama kunnen tukunya zan kife. Tukunyar da nake ɗagawa da hannu ɗaya tun kafin a haifi ubanta, ta ƙi motsi, kamar an dasa ta.

Hannu ya kama wuyan hannuna.

Sanyi. Santsi. Yatsun sun yi tsawo da yawa, har sun zagayo sun haɗe.

Warin laka ya cika mini baki. Na ji ruwa a idon sawuna, yana hawa. Na duba, ƙasa a bushe. Amma yana hawa. Gwiwa. Ƙugu.

Murya ta zo daidai kunnena, kamar mai magana a ƙarƙashin ruwa.

"Ba ke kika ce mu jira ba, ba ke za ki sallame mu ba."

Aka fara jana baya, cikin layin.

"Shagwaɓa," na ce, numfashina yana yankewa. "Kife ta."

"Kaka, yunwa suke ji. Akwai yara."

"Na ga sawunsu! Kin zaga duniya kin koyo bayarwa, ba ki koyo cewa babu ba? Mai rabon da ba ta iya cewa ya ƙare ba taimako take ba, tsoron ido take. Kife, ko ki tsaya ki ga an tafi da kakarki!"

Ruwan ya kai mini ƙirji.

Ta dube ni. Ta dubi layin. Hawaye na zuba, amma ta miƙe tsaye sosai, irin miƙewar da ban taɓa gani a jikinta ba.

"Ni na ce ku jira," ta ce. Muryarta ta yi rawa, sannan ta tsaya. "Na yi kuskure. Babu ƙari. Ya ƙare."

Ta kama tukunyar da hannu biyu ta kife. Ta ɗauki ludayi ta buga gindin.

Ƙarar ta bi lungun har ƙarshe ta dawo.

Yatsun suka saki, ɗaya bayan ɗaya, kamar ba sa so. Na zube a kan gishirina. Na ji tafiya, tafiyar mutane da yawa cikin ruwa, tana nisa. Daga can aka kira salla.

Ita ta ɗauke ni zuwa gida, yarinyar da ba ta iya ɗaga kofi. Ranar na dafa mata abinci da kaina, na zauna na tsare ta har ta kankare ƙanzo. Washegari na je na gai da matar maƙwabci, har ta tsorata.

Wuyan hannuna bai ƙara yin ɗumi ba. Ko na kai shi bakin murhu, zagayen nan yana nan kamar awarwaron ƙanƙara.

Da ta murmure ta ce za ta sake tafiya. Ubanta, da ya ji labari, ya ce sam. Ni na ce a bar ta. Yanzu ita ce babba a wani wurin rabo, a wata ƙasa da ba na iya faɗin sunanta. Ta kira ni a waya tana dariya, wai sababbin 'yan sa kai suna gulmarta, suna cewa ba ta da tausayi, tana kife tukunya a gaban masu yunwa. Na ce madalla, sai yanzu na yarda tafiyar nan ta yi amfani.

Abu ɗaya ne ban gaya mata ba. Wasu ranaku da magariba, in na leƙa ƙofar baya, nakan ga sawu jiƙaƙƙe a bakin dakali. Ƙanana ne ƙwarai, ba su kai tafin hannuna ba. Ba sa matsowa, ba sa komawa. Wani lokaci hannuna yakan kai kan ludayi ban sani ba.

Sai in tuna ramin wuyan jikata. In kife tukunyata, in ja ƙofa.