Zobe a Ɗakin Takalma

Zobe ɗaya. Damin ganyen bulat, wanda ake miƙa wa manya in ana neman yardarsu. Fitilar tagulla da 'yar kwalbar man kwakwa. Shinkafar madara naɗe a ganyen ayaba, da sauran ɗuminta. Sai Kaka, wadda ta rantse ƙafarta ƙafar Oshadi.

Abin da Oshadi ta fito da shi daga gidansu na Colombo ke nan da sassafe, ranar baikonta.

Jirgin ƙasan Kandy, garin su Lasindu, ya fara hawan duwatsu. Hazo ya kwanta a kan gonakin shinkafa, itatuwan kwakwa na leƙowa ta cikinsa kamar masu tafiya a ruwa. Ta jingina goshinta da taga. Ko ta rufe ido ko ta buɗe, Lasindu take gani.

Ranar da ta fara ganinsa laka ta rufe masa fuska, haƙoransa kaɗai ke haske. Lamba tara ne a ƙwallon zari-ruga, ɗan ƙaramin da ke zaro ƙwallo daga ƙarƙashin ƙafafun ƙattai ya cilla ta. Ƙwallon ta faɗo a cinyarta, ya zo karɓa.

"Ba ni mana, 'yar birni."

"Sai ka wanke fuska."

Ya goge da hannun riga, ya ƙara ɓata ta. Shi ke nan.

"Kin sake tafiya," in ji Kaka, tana zungurinta. "Murmushin nan ba na duwatsu ba ne."

"Kaka... in muka tarar ya riga ya taho fa?"

"To sai mu ɗaga masa hannu a hanya. Ci wani abu."

Baba bai taɓa son maganar Lasindu ba. Shi ma ya yi zari-ruga a makaranta, a can ya baro gwiwarsa, har yau da sanda yake tafiya. "Ba zan ba da 'yata ga mai cin abinci da ƙashin wuyansa ba," haka ya yi ta faɗa. Da Kaka ta matsa masa, sai ya sauko da sharaɗi: a kai ranakun haihuwarsu wurin mai duban taurari, lokacin da ya tsayar shi ne lokacin baiko. In yaron bai bayyana a falon gidan a wannan lokaci ba, an rufe magana.

Gwaggo Malini, ƙanwar Baba, ita ta ɗauki aiken da murnarta. Ta dawo da rana, da lokaci, da launin rawaya ga amarya, da umarnin a fuskanci gabas.

Ranar da ta kawo, ranar wasan ƙarshen su Lasindu ce a Kandy. Lokacin kuma dab da shiga fili, gaban masu zaɓar 'yan wasan ƙasa.

Chamath, ɗan Gwaggo, shi ke zaman benci a bayan Lasindu. Shi ne kuma wanda tun suna yara Gwaggo ke kiran Oshadi "matarsa".

Kaka ta ɗauki lemarta ta je wurin mai duban da kanta. Ashe ranaku biyu ya bayar. Ɗaya Gwaggo ta kawo.

"Ko goma ya bayar," in ji Baba da Kaka ta gaya masa, "na riga na faɗa."

Jiya da yamma Lasindu ya kira ta.

"Zinariyata, zan zo. Na gaya wa koci."

"Ka gaya masa me?"

"Cewa ya sa Chamath."

"Lasindu!"

"Wasa ne kawai..."

Muryarsa ta karye a kan "kawai". Ya yi tari ya rufe. Ita ta ji.

A Kandy suka tare keke mai ƙafa uku. Suka same shi a ƙofar gida cikin fararen kaya, gashi a kwance da mai, mahaifiyarsa na gyara masa wuyan riga, motar haya na jira. Kunnensa na hagu, wanda turmutsutsun wasa ya murɗe, ya yi ja.

"Oshadi? Me... me ya faru?"

"Ina jakarka?"

"Wace jaka?"

"Ta takalma. Ɗauko."

"Babanki yana jirana a Colombo!"

"Babanta yana hanya," in ji Kaka daga cikin keken. "Na kira shi tun daga tasha. Ba gudu muka yi ba, fita muka yi. Shigo, ɗan ƙaramin ango, kana tsaye kamar kwalbar madara."

Ya dubi Oshadi.

"In ya ce an fasa fa?"

"In ka bar wasan nan saboda ni, kullum ka dube ni shi za ka gani. Ba na so."

"Ke zan gani."

"Ƙarya kake, zinariyata. Shiga."

Filin ya riga ya fara cika. Ana kaɗa ganguna, masu ƙaho na busa, gajimare ya sauko har kan tsaunin da ke bayan filin. Mai kula da kaya ya ba su ɗakin da ake ajiye takalma da ƙwallaye. Warin man zafi da ɗanyar ciyawa. Oshadi ta shimfiɗa ganyen ayaba a kan benci, ta kunna fitila. Harshen wutar ya miƙe ɗan siriri, ya haska rawayan sari, zanen da ta ɗaura, ɗakin ya zama kamar wani wuri da ta taɓa gani a barci.

Chamath ya leƙo, riga mai lamba tara a jikinsa. Ya ga fitila, ya ga Lasindu.

"Kai kuma daga ina, ango?"

"Rigar ta yi maka ɗamas," in ji Lasindu. "Kar ka saba."

Sai ƙarar sanda a kan siminti. Ƙwas... ƙwas...

Baba ya cika ƙofar. Gwaggo Malini na bayansa tana haki.

"Yaya, ka gani ko? A ɗakin takalma! 'Yar gidanmu!"

Baba bai dube ta ba, bai dubi Oshadi ba. Idonsa na kan fararen kayan Lasindu.

"Wannan shigar fa?"

Lasindu ya ɗauki damin bulat da hannu biyu, ya durƙusa ya miƙa masa.

"Gidanka na nufa, Baba. A ƙofa ta tare ni."

"Yau? Ranar wasan ƙarshe?"

"Ka ce in zo."

"Na ce ka zo don na san ba za ka zo ba!" Ya buga sanda a ƙasa. "Mutum goma sha huɗu suna jiran ƙwallo daga hannunka, ka sa turare ka kama hanyar Colombo? Wawa! Wa ya koya maka wasa?"

"Baba," in ji Oshadi, "ni na..."

"Ke yi mini shiru. Ke kaɗai ce mai hankali a cikinsu."

A waje taron ya ɗauki ihu, ganguna suka ƙara ƙarfi. Baba ya ɗan karkata kai. Tun da aka haifi Oshadi bai taka filin wasa ba. Ta ga yatsunsa suna motsi a kan sanda, suna bin kiɗan. Ta ga hancinsa ya buɗe ga warin man zafin.

Bai karɓi ganyen ba tukuna.

"Wuyanka zai iya karyewa," ya ce a hankali.

"Zai iya, Baba."

"Ke kin sani?"

"Na sani."

Kaka ta ɗaga agogonta kusa da ido.

"Lokaci na wucewa. Taurari ba sa jiran masu taurin kai."

"Yaya, ai a falo aka ce!" Gwaggo ta kama hannun rigarsa. "Mutane za su ji! Kuma an riga an ba Chamath riga..."

Baba ya miƙa hannu ya karɓi bulat ɗin.

"Chamath, cire rigar nan ka ajiye a kan benci. Malini, je ki nemi wurin zama, ki kama mini ɗaya. Inda ake ganin tsakiyar fili."

"Yaya!"

Ya jira har Chamath ya fita da singileti. Sannan ya sa ƙarshen sandarsa ya tura ƙofar, ta rufe, kiɗan ya koma can nesa.

Oshadi ta buɗe tafinta. Zoben ya yi ɗumi.

"A nan za a yi," in ji Baba. "Ina gabas?"