Jan Zare a Garkar Hindatu

A Dogo-Dogo akwai wata yarinya 'yar aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko. Babanta ya rasu bara. Bai bar musu shanu ba. Garka, wato lambu, ya bari, da ƙananan dabino goma sha biyu da ya shuka a cikin leda.

Uwarta Hindatu ba ta roƙon kowa. Duk kasuwa an san ta. In ta ce abu fari ne, ba sai ka duba ba.

Shi dabino akwai mace, akwai namiji. Mace ce ke yin 'ya'ya. Namiji fure kawai yake bayarwa, ɗaya ma ya ishi garka. Amma da ido ba a gane su sai sun yi fure, bayan shekaru ana ban ruwa.

Ran nan malamin gona, Mushe Hisham, wato Malam Hisham, ya zo a kan moto, babur ɗinsa. Ya yanki ɗan ganye daga kowanne, ya ɗaura masa lamba.

"Mushe, me za a gani a ganye?" in ji yarinyar.

"Gadon da ke cikinsa," ya ce. "Kamar yadda jinin babanki ke jikinki. A ɗakin bincike za a duba, a gane mace da namiji."

Da amsa ta zo, ya ɗaura wa mata bakwai jan zare, maza biyar baƙi.

Hindatu ta ce, "Ke, ƙofar garkar nan amana ce a hannunki."

"To, Inna."

Wata la'asar yarinyar ta ji ƙawayenta suna gaɗa. Ta ajiye guga, ta ruga. Ƙofa kuwa a buɗe.

Da ta dawo, awaki sun yi ɓarna. Ledoji a warwatse, sun cinye zare da lamba. 

Sai ta tuna tsofaffi na cewa namiji ya fi kaurin ganye da yawan ƙaya. Ta ɗauko zaren kitson uwarta. Mai laushin ganye ta ɗaura masa ja, mai tauri ta ɗaura masa baƙi. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ran Juma'a wani manomi, Malam Maina, ya zo daga Kwaya da amalanke. Dabino mata uku yake so ya saya. Suka daɗe suna ciniki. Ya taya, Hindatu ta ce albarka. Ya ƙara, ta ce albarka.

"Kai, Hindatu, taurin kanki ya fi ƙwallon dabino!" in ji shi. "To, na saya. Amma kin tabbata mata ne? Shekara shida zan yi ina jan guga."

Hindatu ta dafa ƙirji. "Da sunan marigayi nake sayar maka."

Yarinyar ta ji kamar an zuba mata ruwan zafi. Sunan babanta!

"Inna, tsaya!" ta ce tana kuka. "Ni na ɗaura zaren nan. Awaki sun cinye na Mushe."

 Maina ya sauke ledojin, ya kora jakinsa ya tafi.

Hindatu ba ta dake ta ba. Ta ce, "Ɓarnar akuya ƙarama ce. Shirun da kika yi ne ya kusa cinye sunan gidan nan."

Mushe Hisham ya sake yankar ganye. Wata biyu ana jira. Kullum safe da yamma yarinyar na jan ruwa, babu gaɗa, har tafin hannunta ya yi kanta.

Da amsa ta dawo, Mushe ya ce, "Cikin ukun da Maina ya zaɓa, biyu maza ne. Ganye yakan ruɗi ido."

Labari ya kai Kwaya. Sai ga Maina da amalankensa.

"Gidan da yarinya ke tsayar da ciniki saboda gaskiya, nan zan saya," ya ce.

"To, sai ka ƙara," in ji Hindatu. "An auna su sau biyu."

Maina ya yi dariya, ya ƙara. Hindatu ta miƙa wa 'yarta jan zare. "Ɗaura, Mushe na kallo."

Yara, in kun yi kuskure, ku faɗa da wuri. Abin da ba ku sani ba kuma, kada ku ce kun sani.