Abin da Yara Suka Ɗebo a Kurmi

Da yammacin Laraba Malama Jacinta na tsince wake a tsakar gida, a wani ƙauye bayan garin Gidan Waya, sai ta lura kajinta sun shige akurki tun rana ba ta faɗi ba. Can dutse ya sauka a kan kwanon ɗaki. Wani ya biyo shi. Ta leƙa bayan katanga, ba kowa, sai gonar citta shiru.

Da safiyar ranar ne ta kai 'yan aji biyu kurmin bakin rafi, su ashirin da uku har da 'yarta Tamar. Ta nuna musu ƙwan kwaɗi, da gidan gara, da yadda jijiyar maɗaci ke bin ruwa. Ta ce kowa ya ɗauki abu guda, ya je gida ya zana. Tamar ta ɗauko wani baƙin dutse mai sulɓi.

Kwana uku ana jifa, kullum da faɗuwar rana. Tamar ta daina cin abinci. Takan zauna ta fuskanci bango, tana kiran sunayen 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya, da muryar da ba ta yaro ba.

Ran Asabar aka kira Baba Kambai, tsohon mai bishara wanda ya san al'amuran mutanen dā. Ya daɗe yana addu'a kafin ya dafa kan yarinyar.

"Cikin sunan Yesu, wane ne kai?"

"Mai kurmin," in ji muryar. "Na bar su sun yi wasa. Suka kwashe mini kaya."

"Yara ne. Ba su sani ba."

"Malamarsu ta koya musu sunan kowane itace. Ba ta koya musu neman izini ba. Ku bar mini wannan yarinyar, mu rabu lafiya."

Jacinta ta durƙusa. "Baba, ni na sa su. Bari ya kama ni a maimakonta."

"Ba mai kama kowa," in ji tsohon. "Za a mayar maka da kayanka. Fita."

Muryar ta sake magana ta bakin Tamar.

"Duka ashirin da uku. Kafin ranar gobe ta faɗi."

Tamar ta sulale ƙasa. Da ta farka, ruwa ta roƙa da muryarta.

Washegari Lahadi, bayan sujada a coci, Jacinta ta bi gida gida da buhu, tana gaya wa iyaye gaskiya, tana shan harara. Gashin tsuntsu, kwanson katantanwa, busasshen ganye. Da la'asar ta tara ashirin da biyu. Saura na yaro ɗaya, Boaz.

Uwar Boaz ta tare ta a bakin ƙofa.

"Malama, tun Alhamis babansa ya tafi da shi Kafanchan, abin na aljihunsa. Ɗazu ya kira ni. Wai yaron ba ya cin abinci."

Jacinta ta dubi rana. Ta rungume buhun, ta tsayar da mai babur.