Notin da Aka Sassauta

Ana gab da kiran magariba Tela ya turo tsohon babur ɗin mahaifinsu cikin zauren yayansa, karo na huɗu a wata guda. Ciwon dai ɗaya ne. Muddin yana jan totur lafiya lau, amma da ya saki zai rage gudu, sai salansa ta kama tas-tas-tas har awaki su watse.

Yayan nasa bakanike ne, ana ce masa Mai Kunne, don daga kan benci yake jin ƙarar inji ya faɗi abin da ke damunsa. Ya riga ya canza wa babur ɗin filogi, ya wanke kafireta sau biyu, duk a banza. Ya ce wa Tela ya bar shi ya kwana biyu. Ya kuma ƙara, kamar da wasa, cewa mai zare da allura ba shi da haƙurin tsohon ƙarfe, in ya gaji ya bar masa. Tela ya yi dariya ya tafi a ƙasa.

Amma yayan ba wasa yake ba. Shekara ashirin Mai Kunne yana kwance a ƙarƙashin babur ɗin nan, baƙin mai na ɗiga masa a fuska. Amma da tsoho ya ji jikinsa ya ƙi, sai ya kira Tela, wanda ko sifana bai iya riƙewa ba, ya damƙa masa makulli a gaban kowa. Tun ranar abin yake cin Mai Kunne a rai. In ya hango ƙanensa a kan sirdin, har abinci fita kansa yake.

Bayan sallah suna zaune a tsakar gida, shi da matarsa da 'yarsu Auta, sai wani abu ya faɗo kan kwanon ɗaki. Wani ya sake faɗowa, ya gangaro har gaban tabarma. Matar ta ce yaran maƙwabta ne da duwatsunsu. Mai Kunne ya ɗauka ya juya a tafin hannu. Noti ne mai lamba goma sha biyu, da zafinsa. Ya jefa a aljihu.

Washegari da magariba aka sake, har da ƙari. Babur yana jingine a zaure, makulli na aljihun Mai Kunne, amma suka ji tas-tas-tas sau uku, warin hayaƙi ya cika gidan. Auta, budurwa mai yawan surutu, ta ajiye tsintsiya ta tafi zaure ta tsuguna kusa da salansa. Ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, ta ƙi ci, ta ƙi magana. Kwana uku ana haka. Uwar ta yi kuka har muryarta ta dushe, sannan ta aika aka kira Malam, ta kuma aika wa Tela.

Malam dattijo ne marar gaggawa. Ya zauna a ƙofar zaure ya yi ta karatu har duhu ya fara rufe bango. Can Auta ta ɗago kai. Muryar da ta fito daga bakinta ta wani tsoho ce, a shaƙe.

Malam ya tambayi mai muryar ko shi wane ne, da abin da yarinya ta yi masa. Ya ce yarinya ba ta yi masa komai ba. Shi aljani ne mazaunin salansar nan, shekara talatin yana shan ɗuminta, kuma tsohon mai babur bai taɓa tayar da inji ba sai da bisimilla, don haka ba su taɓa saɓawa ba.

"Yanzu an buɗe mini kafa a wuyan gidana," in ji muryar. "Iska tana shigowa ta tarar da ragowar man da bai ƙone ba. Da an saki totur sai wuta ta tashi a kaina. An kurmantar da ni. Shi ya sa na zo in kurmantar da 'yar mai hannun da ya buɗe kafar."

Tela ya dubi yayansa. Ya ce ai Yaya ya duba ko'ina. Malam ya ce kada a yi saurin gaskata aljani, ƙarya ba ta yi musu wuya, amma noti ba ya ƙarya, a kawo sifana a gwada.

Mai Kunne bai motsa ba. Ya san abin da sifana za ta tarar: noti biyu da ke ɗaure salansa da inji, kowanne an mayar da shi baya rabin juyi, daidai yadda ido ba zai gani ba. Aikin gwani ne, kuma gwani ɗaya ne a gidan.

Malam ya nemi aljanin ya fita don girman Allah. Ya ce zai fita, amma da sharaɗi biyu: hannun da ya kwance shi zai ɗaure, bakin mai hannun kuma ya faɗa. Malam ya ce a tsaya a kan ɗaurin kawai, a rufa wa bawa asiri. Muryar ta yi wata busasshiyar dariya.

"Ni ma na so a bar mini babur ɗin, Malam. Na fi su duka daɗewa a kansa. Amma ban taɓa noti ba. Na ji tsoho yana faɗa a hanya, ya ba wanda bai iya gyara ba babur ɗin ne don ƙafarsa kada ta ɗauke daga ƙofar yayansa."

Mai Kunne ya dubi 'yarsa, leɓenta duk ya bushe. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ya durƙusa, ya sa sabon fakin mai toshe iska a wuyan salansa, ya ɗaure notin nan biyu.

"Ni na sassauta su, Tela," ya ce. "Don ka gaji ka bar mini."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta zube a jikin uwarta. Da ta buɗe ido sai ta nemi ruwa da muryarta ta kullum.

Tela bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya karɓi makulli, ya ce, "Na gode da gyara, Yaya." Ya yi bisimilla ya tayar da babur. Mai Kunne ya bi shi da kunne har kwanar layi, inda dole a saki totur. Inji ya sauka sumul, ko tari babu.

Gyaran ya yi kyau, irin wanda ba a dawowa. Jifa ta ɗauke, Auta ta koma surutunta. Shi kuwa Mai Kunne, kullum da magariba yana kan benci a ƙofar zaure, yana sauraron babura masu wucewa, ko Allah zai sa ɗaya ya yi tas.